Gwaji ya nuna gudu, amma murya na yankewa: mu yi maganar layin da ke taruwa a cikin rauta

Malam Mai Gyara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya daɗe ya tsaya mini a rai, kuma na ga kusan kullum sai wani ya shigo zauren nan da irin kukansa, shi ya sa na ce bari in buɗe masa zance na musamman.

Uwargidana tana koyar da ɗalibai ta kiran bidiyo da yamma. Wata da watanni muna fama: tana tsakiyar bayani sai muryarta ta tsinke, ɗalibai su ce ba su ji ba, ta maimaita, su yi magana a tare, kowa ya yi shiru, sannan a sake yin magana a tare. Na yi gwajin gudu ya fi a ƙirga, kullum lambar tana fitowa lafiya ƙalau. Na kira kamfanin da muke sayen intanet a wurinsu, suka ce in koma tsarin da ya fi wanda nake kai. Na koma. Gudun saukewa ya ninka, matsalar kuwa tana nan daram.

Ranar da gaskiya ta fito, ina zaune na buɗe ping a kwamfuta, wato umarnin da ke auna lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, na bar shi yana tafiya. Amsa tana dawowa cikin milisakan 24, 26, 25 (milisakan 1,000 ne sakan ɗaya). Sai babban ɗanmu ya shigo gida, wayarsa ta kama Wi-Fi, ta fara tura hotuna da bidiyon da ya ɗauka zuwa ma'ajiyarsa ta intanet, ba tare da ya taɓa komai ba. Da idona na ga lambar tana hawa: 300, 800, 1,400. A daidai lokacin na jiyo uwargida daga ɗaki tana cewa "kuna jina kuwa?" Ya kashe Wi-Fi ɗin wayarsa, lambar ta faɗo 25.

Ashe matsalar jira ce. Gudu daban, saurin amsawa daban, kuma kusan dukkanmu gudu kawai muke aunawa. Ku gwada a gidajenku: ku bar ping yana tafiya, sannan ku tura babban fayil, ku ga abin da zai faru. Gani ya kori ji.

Ɗan Gem:
Wallahi Malam kamar a gidanmu ka zauna. Ina cikin wasa ping ɗina 40, ƙanwata na fara tura bidiyo sai in ga 900. Har faɗa mun sha yi a kan haka. Na ɗauka sharrin kamfani ne kawai.

Alhaji Babba:
Wa alaikumus salam. Malam, ni fa ban gamsu ba. Idan hanya ta yi wa motoci kaɗan, faɗaɗa ta ake yi. Ka ce ka ƙara gudu bai yi ba, to wataƙila bai isa ba ne. Ka ƙara ƙari. Duk wannan dogon lissafi na me ne?

Injiniya:
Ranka ya daɗe Alhaji, maganarka akwai gaskiya a ciki, zan dawo kanta. Amma bari in fara faɗin abin da ke faruwa a cikin na'urar, don Malam ya nuna alamar ciwon, bai faɗi sunansa ba.

Duk abin da muke turawa ta intanet ana yayyanka shi ƙananan fakiti, babbansu yawanci bayit 1,500. A cikin gida, waya tana iya zuba wa rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi a gida, fakiti da gudun ɗaruruwan megabit. Amma hanyar fita daga gida zuwa kamfani siririya ce, musamman ɓangaren turawa. To fakitin da suka zo ba su sami hanya ba, ina za su? Sai su tsaya a layi cikin wata ma'ajiya da ke cikin rauta ko modem, wato na'urar da ke haɗa gida da layin kamfani. Wannan ma'ajiyar tana da amfani, don fakiti ba a jere suke zuwa ba, a garke suke zuwa, dole a sami inda za su ɗan dakata.

Ku ɗauki mazurari. Bakinsa na ƙasa shi ne gudun layinku. Idan ka ƙara girman cikinsa, ruwa ba zai fi sauri wajen fita ba ko kaɗan. Abin da kawai zai canza shi ne, ɗigon da ka zuba yanzu sai ya jira duk ruwan da ya riga shi ya fice. Muryar uwargidan Malam ita ce ɗigon nan, hotunan yaron su ne ruwan da ya cika mazurarin.

Ga lissafin, ba shi da wuya. Ma'ajiya mai kilobayit 256 tana ɗauke da kusan kilobit 2,000. Idan gudun turawarka megabit 1 ne a sakan, sai ta ɗauki sakan 2 kafin ta zazzage. A megabit 2, sakan 1. A megabit 20, milisakan 100. Ka ga Alhaji, a nan ne gaskiyarka take: ƙarin gudu yana rage jiran idan girman ma'ajiyar bai canza ba. Sai dai abu biyu. Na ɗaya, tsare-tsare da yawa gudun saukewa suke ƙarawa, na turawa ya zauna kusan inda yake, ina jin abin da ya sami Malam ke nan. Na biyu, na'urorin da aka ƙera don babban gudu sukan zo da babbar ma'ajiya su ma.

Alhaji Babba:
To me ya sa ma'ajiyar take cika? Wayar ba ta san hanya ta cika ba ne ta rage?

Injiniya:
Yawwa, nan gizo ke saƙa. Ba ta sani ba, kuma babbar ma'ajiyar ce ta hana ta sani.

Ƙa'idar TCP, wadda yawancin fayiloli ke bi, ba ta san faɗin hanya ba tun farko. Lalube take yi. Tana farawa a hankali, ta dinga ƙarawa, ta dinga ƙarawa, har sai wani fakiti ya ɓace. Ɓatan nan shi ne saƙon da ke ce mata "kin cika hanya, ja da baya." An yi wannan tsari ne bayan abin da ya faru a 1986, lokacin da cunkoso ya durƙusar da intanet na wancan zamani, har gudun wani layi tsakanin ɗakin binciken Lawrence Berkeley da jami'ar Berkeley a Amurka ya faɗo daga bit 32,000 a sakan zuwa bit 40. Van Jacobson ne ya fito da maganin a 1988, kuma a kansa ake har gobe.

Da ƙwaƙwalwar na'ura ta yi arha, masu ƙera modem suka ga ai zubar da fakiti asara ce, bari mu ƙara wurin ajiya kada ko ɗaya ya zube. Niyya mai kyau ce. Amma sai ya zama mai turawa ba ya samun saƙon ja da baya sai bayan layi ya kai tsawon sakan ɗaya ko biyu. Ya ja da baya kaɗan, ya sake cikawa. Layin ba ya taɓa ƙarewa muddin ana turawa. An so a hana asara, sai aka toshe bakin mai gargaɗi.

Ɗalibar Kwamfuta:
Yaya Injiniya, in ƙara a kan tarihin. Wanda ya raɗa wa matsalar suna shi ne Jim Gettys, a 2010, yana aiki a Bell Labs. Mutum ne da ya yi aiki a kan tsarin X Window, yana kuma cikin waɗanda suka tsara HTTP/1.1, ƙa'idar buɗe shafukan intanet, amma shi ma a gidansa abin ya same shi. Yaransa na kuka da intanet, shi kuma yana tura manyan fayiloli, sai ya lura jinkirin yana haura sakan ɗaya. Daga nan shi da Dave Täht suka kafa aikin Bufferbloat a 2011, wato kumburin ma'ajiya idan za mu faɗa da Hausa. Abin da ya burge ni shi ne ko masana sun yi shekaru suna zaune da matsalar ba su gane ta ba, don kowa gudu yake aunawa a kan layin da babu kowa.

Maman Biyu:
Ku yi haƙuri da tambayata. Wannan shi ne abin nan da ke juyawa a tsakiyar bidiyo idan ina kallo ya tsaya?

Ɗalibar Kwamfuta:
A'a Anti, ba shi ba ne, ko da yake sunan yana rikita mutane, don wancan buffering ake ce masa da Turanci. Wancan manhajar kallo ce take tara 'yan sakanni na bidiyo a gaba don kada ya tsaya, idan abin da ta tara ya ƙare sai ki ga zoben yana juyawa. Wannan da ake magana kuwa layi ne a cikin na'urorin hanya. Bidiyon kallo ba ya damuwa sosai da jinkiri, tunda ba hira kike da shi ba. Kira, wasa, buɗe shafi, su ne ke shan wahala. Ƙungiyar sadarwa ta ITU ma ta ba da shawarar kada jinkirin murya daga baki zuwa kunne ya wuce milisakan 150 idan ana son hira ta tafi daidai. Kin ga 1,400 ɗin Malam ya wuce nan nesa ba kusa ba.

Mai Hawa Hasumiya:
Ni a kamfanin samar da intanet nake aiki, kuma ina so in faɗi namu ɓangaren, don na ga an fara ɗora mana laifi. Abokin ciniki idan ya kira, lamba ɗaya yake riƙe da ita: na sayi megabit 50, gwaji ya nuna 46, ina sauran? Ba a taɓa kirana an ce jinkirina a ƙarƙashin lodi ya yi yawa ba. Abin da mutane ke aunawa shi kamfani zai gyara. Idan muka rage ma'ajiya aka fara zubar da fakiti, lambar gwaji ta sauka, mu za a zaga. Kuma ku sani, ma'ajiya ƙarama ita ma matsala ce, ba za ka iya cika layi mai nisa da ita ba.

Malam Mai Gyara:
Ɗan uwa ba zagi ba ne, kuma maganarka ta farko ita ce dalilin da ya sa na buɗe zancen. Muddin mu masu saye lamba ɗaya muka sani, ita za a sayar mana. Ni kaina da na kira, cewa na yi "intanet ba ya sauri." Da na san in ce "ping yana tashi daga 25 zuwa 1,400 idan ana turawa," da wataƙila an haɗa ni da wanda ya san abin da nake nufi.

Injiniya:
Abokin aiki, batun ƙaramar ma'ajiya gaskiya ne, shi ya sa ba wanda ke cewa a yanke ta kawai. Tsohuwar ƙa'ida ita ce girman ma'ajiya ya zama gudun layi sau lokacin zuwa da dawowa. Matsalar ita ce na'ura ɗaya ake sayar wa mai megabit 1 da mai megabit 100, kuma a Wi-Fi ko layin wayar salula gudun yana canzawa kowane lokaci. Babu girma ɗaya da zai dace da kowa. Don haka aka daina tambayar fakiti nawa ne a layi, aka koma tambayar tsawon wane lokaci fakiti ya yi yana jira.

Wannan shi ne CoDel, wanda Kathleen Nichols da Van Jacobson suka fitar a 2012. Kowane fakiti idan ya shigo ana rubuta lokacin shigarsa, idan zai fita a duba daɗewarsa. Idan garke ne ya zo ya wuce, ba a taɓa kowa. Amma idan aka yi milisakan 100 cur jiran bai taɓa sauka ƙasa da milisakan 5 ba, to layin ya zama zaunanne, sai a zubar da fakiti ɗaya don mai turawa ya ji a jikinsa. Idan bai rage ba a ƙara, ana matso da tazarar. Kafin wannan akwai wani tsarin sarrafa layi mai suna RED tun 1993, na Sally Floyd da Jacobson, amma saita shi yana da wuya, mutane da yawa suka bar shi a kashe. CoDel kusan ba ya buƙatar saiti.

A shekarar dai Eric Dumazet ya haɗa shi da rabon layi, aka sami fq_codel, ya shiga Linux 3.5, Linux kuwa ita ce babbar manhajar da ke tafiyar da rautoci da yawa. A nan maimakon layi ɗaya, akwai layuka 1,024, kowace hulɗa, kamar kira ko tura fayil, da nata, ana zagayawa ana ɗiba. Kuma mai ɗan kaya, kamar murya ko wasa ko tambayar adireshin shafi, wanda bai tara layi ba, shi ake fara sallama. Babban fayil ba ya rasa komai sai 'yan milisakanni da ba zai ma ji ba. Daga baya CAKE ya zo a Linux 4.19 a 2018, ya haɗa wannan duka da ƙayyade gudu, har da raba adalci tsakanin na'urorin gida, kada waya ɗaya mai hulɗa 50 ta danne kwamfuta mai hulɗa ɗaya.

Don haka abokin aiki, ba a ce ku zaɓi tsakanin gudu da amsawa ba. Ana samun duka biyun. Masu layin kebul ma sun sa irin wannan a ƙa'idar DOCSIS 3.1, da wani tsari mai suna PIE. Kuma akwai LibreQoS, manhaja ce kyauta da aka yi don kamfanoni irin naku, tana sa CAKE a kan kowane abokin ciniki daga ɓangarenku.

Mai Hawa Hasumiya:
Na ji sunan LibreQoS amma ban taɓa zama na duba ba. Zan kai maganar gaban manya. Ba alkawari na yi ba fa, sa sabuwar na'ura a tsakiyar hanyar dubban mutane ba abin wasa ba ne, idan ta faɗi kowa ya faɗi.

Ɗan Gem:
To ni yanzu me zan yi? Na sayi rauta da aka rubuta na 'yan wasa ne a kwalinsa, akwai wurin da ake ba na'urata fifiko, na kunna, ban ga wani canji ba.

Malam Mai Gyara:
Ƙanena, ga abin da na yi, kuma ka lura da dalilin, don shi ne mutane ke tsallakewa.

Layin ba a cikin rautarka yake taruwa ba, a cikin modem yake, ko a na'urar kamfani. Rautarka tana miƙa wa modem fakiti da sauri, ita ba ta ga cunkoso ba, don haka fifikon da ka saita ba shi da abin da zai yi aiki a kai. Dabarar ita ce ka sa rautarka ta zama ita ce wuri mafi ƙunci a hanyar. Ka auna gudunka na gaskiya, na saukewa da na turawa, sau da yawa a lokuta daban-daban. Sannan ka ƙayyade wa rautar kashi 85 zuwa 95 cikin 100 na wannan. Yanzu modem ba zai taɓa cika ba, layin ya dawo hannunka, inda CAKE ko fq_codel za su iya sarrafa shi.

Ni rautata tana karɓar OpenWrt, wata manhajar kyauta da ake sa wa rauta a madadin tata, na ɗora shi, na sa ƙarin SQM, wato ɓangaren da ke sarrafa layin jira, na zaɓi CAKE, na rubuta lambobi biyu. Shi ke nan. Na sa yaron ya sake tura bidiyonsa, ping ya tsaya tsakanin 27 da 35. Uwargida ta yi darasi na awa guda ba ta ce "kuna jina?" ko sau ɗaya ba. Ni kaɗai na san daɗin da na ji a ranar.

Ba lallai sai OpenWrt ba. MikroTik sun sa CAKE da fq_codel a RouterOS 7, pfSense da OPNsense suna da fq_codel, wasu na'urorin Ubiquiti suna da shi da sunan Smart Queues. Ka duba littafin taka, ka nemi waɗannan sunaye, ba kalmar fifiko kawai ba.

Alhaji Babba:
Dakata Malam. Kana nufin in biya kuɗin 100 in yi amfani da 90 da hannuna? Wannan ai asara ce a fili.

Malam Mai Gyara:
Alhaji, haka na ji da farko. Amma ka tambayi kanka yaushe rabon da ka lura da bambancin fayil ya sauka a sakan 60 ko 66? Ba ka taɓa ba. Amma ka lura duk lokacin da kira ya yanke. Goma ɗin da na bari, da ita na sayi natsuwar gida gaba ɗaya.

Alhaji Babba:
Ni dai layin zaren gilashi nake da shi, gigabit guda, ban taɓa ganin wannan ba. Har yanzu ina kan bakana: wanda ya sami faffaɗar hanya ya huta.

Injiniya:
Idan kwamfutarka da kebul take haɗe da rauta, zan iya yarda da kai Alhaji, da wuya ka cika gigabit. Amma layin jira yana taruwa ne a duk inda hanya ta fi ƙunci, kuma a gidanka wurin ya koma Wi-Fi. Ka shiga ɗaki mafi nisa da rauta, inda sanda ɗaya ko biyu ke nunawa, ka yi gwajin a can. Gudun iska a wurin yana iya faɗowa ƙasa sosai, intanet yana zubo gigabit, rauta tana tara abin da ta kasa miƙawa. Akwai kuma wani abu: na'ura mai nisa da ke magana a hankali tana cinye lokacin iska, ta jawo kowa ƙasa. Toke Høiland-Jørgensen da abokan aikinsa sun gyara wannan a Linux ta hanyar raba lokacin iska daidai da sa fq_codel a cikin Wi-Fi ɗin kansa, amma ba kowace rauta ke ɗauke da gyaran ba.

Alhaji Babba:
Zan gwada a ɗakin baya in dawo.

Baƙo Daga Nesa:
Duk na karanta, amma ku duka masu layin gida ne. Mu da intanet ɗinmu na layin waya ne fa? Yanzu megabit 30, bayan minti biyar 3. Wace lamba zan rubuta? In na sa 27, lokacin da ya faɗo 3 ba ta da amfani. In na sa 3, na yi asarar 27.

Injiniya:
Ɗan uwa ka taɓo inda ya fi wuya, kuma ba zan yi maka daɗin baki ba. A layin waya babban layin saukewa yana can a tashar kamfani, na turawa yana cikin modem ɗin wayarka, duka biyun ba ka da iko da su, ga gudu ba ya tsayawa wuri ɗaya. Akwai wata manhaja, cake-autorate, da ke aiki a kan OpenWrt: tana auna jinkiri a kai a kai, idan ta ga yana hawa ta rage ƙayyadewar, idan ya lafa ta ƙara. Tana taimakawa sosai ga mai rautar da ke amfani da sim, amma bayan abu ya faru take gyarawa, don haka za ka ɗan ji tsalle lokaci-lokaci.

Idan kuwa waya ce kawai a hannunka, abin da ya rage shi ne ka hana layin cika da kanka. Ka saita tura hotuna da sabunta manhajoji su koma lokacin da ba ka kira. Idan kana raba intanet daga wayarka zuwa kwamfuta, ka nuna wa kwamfutar cewa layin na awo ne don ta daina sauke manyan abubuwa a ɓoye. Manhajojin ajiya da yawa suna da wurin ƙayyade gudun turawa, ka yi amfani da shi. Ba magani ba ne, rage zafi ne. Maganin yana hannun kamfanonin waya da masu ƙera modem.

Ɗalibar Kwamfuta:
Akwai wani abu da nake so a bambance, kada kowa ya ga lamba babba ya ce kumburi ne. Haske a cikin zaren gilashi yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a sakan. Wato kowane kilomita 100 na nisa yana cin milisakan 1 zuwa da dawowa. Saba, wato kwamfutar da shafi ko wasa ke zaune a kanta, da ke nisan kilomita 10,000 ba za ta taɓa amsa maka ƙasa da milisakan 100 ba. Tauraron ɗan Adam da ke tsaye a kilomita 35,786 kuwa, kusan rabin sakan yake ci tun kafin a yi maganar cunkoso. Wannan ba mai gyara shi. Abin da muke magana shi ne bambancin da ke tsakanin lambar lokacin da layi ba kowa da lambar lokacin da ake aiki. Idan 120 ne ya zama 135, lafiya. Idan 25 ne ya zama 700, akwai ciwo.

Maman Biyu:
Ni ban iya ping ɗin nan ba. Babu hanya mai sauƙi?

Ɗalibar Kwamfuta:
Akwai Anti. Ki buɗe fast.com, idan ya gama ki danna inda ake nuna ƙarin bayani, za ki ga lambobin jinkiri biyu, na layi ba lodi da na layi da lodi. Speedtest ma tun 2022 yana nuna jinkiri a lokacin saukewa da lokacin turawa, ƙananan lambobi ne a ƙarƙashin babbar, mutane ba sa kula da su. Waveform suna da shafin gwaji na wannan matsalar kaɗai, har maki yake bayarwa. Masu Mac kuma akwai umarnin networkQuality tun 2021.

Ɗan Gem:
Na gwada. Na ɗora SQM, jinkiri ya gyaru, amma gudun saukewata ya faɗo daga 300 zuwa 120 alhali 270 na rubuta. Me na ɓata?

Injiniya:
Ba ka ɓata komai ba ƙanena, ƙwaƙwalwar rautar ce ta gaza. Rautoci da yawa suna kai babban gudu ne ta wata gajeriyar hanya da ke tsallake babbar ƙwaƙwalwa, shi kuwa CAKE dole kowane fakiti ya bi ta hannunsa. Kana da zaɓi. Ka gwada fq_codel, ya fi sauƙin nauyi. Ko ka ƙayyade ɓangaren turawa kawai ka bar na saukewa, tunda kukanka daga bidiyon ƙanwarka yake, a OpenWrt sifili za ka rubuta a gurbin saukewa. Ko ka nemi rauta mai ƙarfi. Ni da na biyun zan fara.

Mai Hawa Hasumiya:
Injiniya, ya kake ganin L4S? A tarurrukanmu shi ake ta ambata, ana cewa shi zai kawo ƙarshen wannan duka.

Injiniya:
Tunaninsa mai kyau ne. Maimakon a zubar da fakiti, sai a yi masa alama, mai karɓa ya sanar da mai turawa ya rage. Alamar kanta ba sabuwa ba ce, ECN ake kiranta, tana nan tun 2001. L4S, wanda aka fitar da ƙa'idojinsa a Janairun 2023, yana yin alamar da wuri kuma a kai a kai, don layi ya zauna kusan babu. Apple sun sa goyon bayansa tun iOS 17. Amma sai mai turawa, mai karɓa da wurin ƙuncin duk sun iya shi kafin ka ga amfani, kuma an yi doguwar jayayya tsakanin masana kan yadda zai zauna da tsofaffin hulɗoɗi a layi ɗaya. Haka BBR na Google, wani tsarin da ke tsara wa TCP gudun turawa, tun 2016, yana ƙoƙarin auna hanya maimakon jiran fakiti ya ɓace, amma saba ce ke zaɓarsa, ba kai ba. Ra'ayina: kada a ce za a jira L4S a bar mutane cikin wahala, alhali fq_codel ya fi shekara 10 yana aiki, kyauta, an gwada shi an ga amfaninsa.

Kuma tunda an ambaci Dave Täht a sama, ya rasu a Afrilun 2025. Shekaru sama da goma ya yi yana bin masu ƙera na'urori da kamfanoni a kan wannan batu ɗaya. Mutane da yawa suna kira lafiya yau saboda aikinsa ba su ma san sunansa ba.

Alhaji Babba:
Na dawo. A falo kusa da rauta, 9 ba lodi, 21 da lodi. A ɗakin baya, 14 ba lodi, 480 da lodi. Kuma a ɗakin ne Hajiya take kiran jikokinta tana cewa hoton yana daskarewa, ni kuma ina ce mata wayarta ce ta tsufa. Ban janye maganata gaba ɗaya ba, don a falo faɗin hanya ya yi aikinsa. Amma Injiniya, ɗakin bayan nan me za a yi masa? SQM ɗin zan kunna?

Injiniya:
A'a ranka ya daɗe, SQM a kan layin waje ba zai taɓa wannan ba, don ƙuncin naka a iska yake. Ka ja waya daga rauta zuwa kusa da ɗakin ka sa na'urar Wi-Fi ta biyu a can. Ka guji ƙaramin abin nan da ake soka wa a bango yana maimaita sigina, don da rediyo ɗaya yake ji yake kuma faɗa, gudun yakan ragu kusan rabi. Idan an ja wayar, ka sake gwajin a daidai kujerar da Hajiya ke zama, ka turo mana lambobin biyu.

Alhaji Babba:
To madalla. Gobe in sha Allah zan sa a auna tsawon wayar da za ta kai.